Maigida Ya Ce To

Yayata ce Mai Labule. In ka shiga unguwar nan mai katanga kana tambayar sunanta na yanka, sai ka gama zagaye ba ka sami wanda ya san shi ba. Amma kana cewa Mai Labule za a nuna maka layin ƙarshe, gidan da ke dab da katangar baya. Labule take ɗinkawa, sai rigar kujera da zanen gado in aiki ya yi ƙasa. Tun ina ƙarama na san ta da abin awo rataye a wuya da allurai a baki, har ta ƙware tana iya yi mini faɗa tas ba tare da allura ko ɗaya ta faɗi ba.

Da keken ɗinkin nan ta sayi gidan. Wannan maganar nake so a riƙe da kyau. Shekara da shekaru tana taka keke har ƙafafunta suka riƙa kumbura, ba ta sayi zinare ba, ba ta canza kujerun ɗakinta ba, sai da ta ga takardun gida da sunanta a kai. Mijinta direban motar haya ne, mutum mai sakin hannu, abin da ya samo da safe kafin yamma ya rabar da rabinsa a tasha. Kuma bai taɓa jin kunyar faɗin gaskiyar lamarin ba. A gaban baƙi ma yakan ce, “Ni ɗan haya ne a gidan nan, sai dai mai gidan tana da kirki, ba ta taɓa ba ni notis ba.” Direba kowa ke ce masa. Ni yake kira Rediyo, wai in aka kunna ni sai wuta ta ɗauke. Shi da ya fi kowa surutu! In ya dawo aiki tun daga bakin ƙofa yake fara labarin fasinjojin ranar, yana kwaikwayon muryarsu ɗaya bayan ɗaya, Yaya tana taka keke tana cewa, “Kai dai ba ka gajiya,” alhali da gangan take rage gudun keken don ta ji.

Unguwar tana da ƙungiyar masu gidaje. Kowane gida yana biyan kuɗin wata, da shi ake biyan masu gadi, a gyara injin da ke tura ruwa tanki, a sa ƙwai a fitilun layi, a kwashe shara. Abu ne mai kyau, ban ce ba. Yaya ba ta taɓa bari wata ya tsufa ba ta biya ba. Sakataren ƙungiya, wani siriri mai yawan murza hannu, yakan fara zagayensa ne daga gidanta don ya san ba za a ce masa ya dawo gobe ba. Yana sallama zai ce, “Mai Labule, an ga wata,” ta ɗaga murfin aljihun keke ta miƙa masa. Ban taɓa jin ranar da ya tsaya a ƙofar nan ya ce a kira masa Direba ba.

A jikin ɗakin mai gadi, bakin babbar ƙofa, akwai allon da aka rubuta dokokin ƙungiya. Allon siriri ne, dokokin kuma da yawa, sai mai fentin ya riƙa matse kalmomi don su shige. Doka ta uku cewa aka yi ya rubuta, mai gida ne kaɗai ke da bakin magana a taro. Nufinsu wanda ya mallaki gida, ban da 'yan haya. Da wuri ya ƙure masa sai ya haɗe kalmomin biyu suka zama ɗaya: MAIGIDA. Shekaru allon yana nan rana tana cin fentinsa, kowa yana wucewa, babu wanda ya taɓa damuwa da ɗan filin da ya ɓata tsakanin “mai” da “gida”. Yaya ma ba ta zuwa taro a lokacin, tana cewa ita da za ta zauna sauraron maza suna gardama a kan ƙwan fitila gara ta kai labulen mutane.

Ƙofofin unguwar biyu ne. Babbar tana can sama, ta motoci, tana kallon babban titi. Ƙaramar tana ƙarshen layin su Yaya, ta ƙarfe ce, faɗinta bai wuce mutum ɗaya da kayansa ba. In ka fita ta nan lungu ne shimfiɗaɗɗe, kana ɗaga kai za ka hango bangon asibiti.

Ranar da ciwon ya sami Direba yana tasha yana wanke motarsa. Tsumma ya faɗi daga hannunsa, ya sunkuya zai ɗauka, bai sake miƙewa ba. Shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya dunƙule, ƙafar dama ta zama kamar ba tasa ba, bakin ya karkace. Hankalinsa yana nan garau, duk abin da ka faɗa yana ji yana ganewa, in ka ba da labarin dariya idonsa zai yi dariya kafin ka kai ƙarshe. Maganar ce ta tafi. Mutumin da ke da muryar fasinja goma a bakinsa, kalma ɗaya tak ciwon ya bar masa: “To.”

Ko me yake son faɗa, ita ce ke fitowa. In yana jin ƙishirwa, to. In ka tambaye shi ko zafi ake yi ko sanyi, to. Likita ya ce haka ciwon yake yi wa wasu, harshe ya maƙale a kalma ɗaya, ba wai amincewa yake yi ba. In ana son amsarsa ta gaskiya sai a dubi kansa, yana gyaɗawa ko yana girgizawa.

Yaya kuwa ba ta ma buƙatar duban kan. Cikin 'yan watanni ta haddace “to” ɗin nan kamar karatu. Akwai gajera mai nufin na ji. Akwai doguwa mai ja, ta zolaya, wadda yake yi mini in na shigo ina zuba. Akwai ta ƙasa-ƙasa in yana son a kai shi bayi kuma yana jin kunyar baƙi. Ta janyo keken ɗinkinta daga ɗakin da take ɗinki ta dawo da shi falo kusa da kujerarsa, yanzu ita ke ba da labari, na masu kawo ɗinki da iyayinsu, shi kuma yana amsawa da abin da ya rage masa. Duk sanda za ta fita takan tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Direba, zan fita, yanzu zan dawo.” Ba ta ɗaga ƙafa sai ta ji to ɗinta. Ta taɓa ce mini, “Ke kina ganin kalma ɗaya ce. Ni hira nake sha.”

A asibitin bayan katanga ake yi masa gashi, ana motsa masa gaɓoɓin da suka shanye. Mai gashin ta ja wa Yaya kunne tun farko: wannan aikin ba ya son fashi, in aka saki jiki jijiyoyin za su ƙage, abin da aka samu ya koma. Don haka kullum da safe Yaya takan yi masa wanka, ta zaunar da shi a keken marasa lafiya, ta tura shi ta ƙaramar ƙofa. Akwai tudun dakali a bakin ƙofar da keken ba ya hawa. Ba ta kai kuka wurin kowa ba, ta sayi siminti ta kira magini ya yi gangara mai laushi, wadda daga baya masu turin kaya da tsofaffin unguwa suka fi ta mora. Ƙofar tana ƙara in an buɗe, sai ta riƙa ɗiga mata man keken ɗinki. Ita ke share wurin. Abin na kowa ne, amma kowa ya san wa ke kula da shi.

Kuma gashin yana ci. Na gani da idona. Yatsun da suka dunƙule suka fara saki, babban yatsa ya fara motsi. Wata rana Yaya ta kira ni a waya tana dariya tana kuka, wai ya miƙe tsaye ya kama ƙarfe, ya ja ƙafar sau biyu. Mai gashin ta ce in aka ɗore a haka ba ta fid da ran zai taka da sanda ba.

Ana cikin haka aka sace batirin motar Ciyaman, shugaban ƙungiyar.

Ciyaman tsohon ma'aikacin ofis ne da ya yi ritaya bai shirya ba. An karɓe masa tebur da ƙararrawa, sai ya mai da unguwar ofishinsa. Biro uku a aljihun gaba, kullum. Ba ya iya cewa a share kwata sai ya ce “bisa tsari”. Motarsa tana fake a ƙofar gidansa, taku kaɗan daga babbar ƙofa, mai gadi yana barci har da minshari, amma da gari ya waye sai binciken Ciyaman ya gano wai ta ƙaramar ƙofa ɓarawon ya shigo. Babu wanda ya gani. Abin da kowa ya sani shi ne ya daɗe yana son a sallami mai gadin baya, a tara albashinsa a yi wa babbar ƙofa ado da tayil da fitilu masu launi, irin na unguwar da ke tsallaken titi. Batirin nan ya zo masa a daidai.

Da Yaya ta ji an kira taro a kan toshe ƙofar, ta yafa mayafi ta tafi. A gindin tankin ruwa suke zama, kan kujerun roba. Ni ba na nan a wannan na farkon, ita ta ba ni labari. Ta bari sun gama, ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. Ciyaman ya dube ta ta saman tabarau.

“Mai Labule, lafiya? Labule aka kawo?”

“Magana ce da ni a kan ƙofar baya, ranka ya daɗe.”

“Ayya. Ai taron nan na masu gida ne. Ki koma ki turo maigida.”

“Ni ce mai gidan.”

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ma, irin wadda ake yi in mace ta yi abin ban dariya ba ta sani ba, ni kuwa wannan ta fi ci mini rai. Yaya ta ce takardun gida sunanta ne, ta ce da hannunta take biyan kuɗin wata, ga Sakatare nan a tambaye shi. Sakatare ya duƙar da kai yana gyaran hula. Ciyaman ya ce, cikin lallami kamar yana magana da mara hankali, “Babu wanda ya ce gidan ba naki ba ne. Amma je ki karanta allo. Maigida aka rubuta. Ke maigida ce? Ni ban rubuta dokar nan ba, tarar da ita na yi.”

Duk wanda ke zaune a wurin ya san halin da Direba yake ciki. A gabansu take wucewa da shi kowace safiya, wasunsu har hannu suke ɗaga masa. Da yake mutane ba su cika ba ranar, aka ɗaga yanke magana zuwa taro na gaba.

Na je gidan na tarar da ita tana yanka yadi, almakashin yana tafiya kamar da shi take faɗa. Na ce mu kai ƙara, na ce mu je mu kankare allon, na ce abubuwa da dama da ba za su rubutu ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta ajiye almakashi, ta durƙusa gaban kujerar mijinta ta kama hannunsa mai lafiya.

“Direba, sun ce sai maigida. Za ka je? Ba sai ka yi komai ba. Su dai gan ka, su dubi idonka su ce za su toshe.”

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya gyaɗa kai da ƙarfi. Ya ce to, irin ta zolayar nan, har muka yi dariya mu duka. Lissafin Yaya mai sauƙi ne. Ta ɗauka mutanen nan suna da kunya.

Ranar taron ta yi masa aski, ta sa masa farar rigarsa mai aiki a wuya, ta fesa masa turare. Hannun da ya shanye ta ɗora shi kan cinyarsa ta gyara yatsun. Layin tankin hawa ne, muka haɗu mu biyu muna turawa. Muna isa surutu ya ɗauke ɗif. Yaya ta ratsa tsakiyar kujerun ta tsayar da keken a gaban teburin Ciyaman, ta taka birki, ta koma bayansa ta tsaya.

“Ga maigida,” ta ce.

Wallahi a wannan lokacin na ɗauka mun ci. Na ga manyan mutane suna neman inda za su sa idonsu. Wani ya tashi ya ba ni kujera. Mai kemis na layin tsakiya, wanda a wurinsa Yaya ke sayen magungunan Direba, ya yi gyaran murya ya ce, “Gaskiya jama'a, a duba lamarin nan. Bawan Allahn nan ta ƙofar yake zuwa gashi. A sa kwaɗo mai kyau kawai, a bar ta.” Na ji ana “haka ne, haka ne” daga baya.

Ciyaman ya zagayo daga bayan tebur, fuskar nan cike da tausayi. Ya dafa kafaɗar Direba.

“Direba, ya jiki?”

“To.”

“Allah ya ƙara sauƙi. Ana dai shan magani ko?”

“To.”

Ina kallon Ciyaman lokacin da abin ya faɗo masa. Ya dubi Direba, ya dubi mutane. Ban san ko ya zo da niyyar ba, ba na jin ya zo da ita, a wurin ya tsince ta, kuma bai yi jinkirin ɗauka ba. Ya miƙe ya buɗe hannuwa.

“Mai kemis ya yi gaskiya. Tunda saboda mara lafiya ake maganar, ga shi Allah ya kawo shi, kuma shi ne maigida, shi ke da bakin magana bisa tsari. Abin da ya ce shi za a yi.” Ya sunkuyo, ya ɗaga murya kamar Direba kurma ne. “Direba, don tsaron unguwa da iyalanmu, ka yarda a toshe ƙofar baya?”

Yaya ta ce, “Kai!” amma ta makara.

Direba ya girgiza kai. Ya girgiza shi da duk ƙarfin da ke jikinsa har keken yana motsi. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, bakin ya buɗe yana kokawa, ina ganin harshensa yana neman “a'a”, kalmar da jariri ma yana iyawa. Abin da ya fito shi ne, “To.”

Ya ji abin da ya faɗa. Idonsa ya firfito. Ya sake gwadawa, yana dukan hannun keken da hannunsa mai lafiya. “To! To! To!”

“Alhamdu lillahi,” in ji Ciyaman. “Har sau huɗu. Sakatare, rubuta.”

“Ku dubi kansa!” Yaya ta yi ƙara, muryar da ban taɓa jin ta da ita ba. “Ku dubi kansa, ku ji tsoron Allah! Kun san ita kaɗai yake iya faɗa!”

“Mai Labule, ke fa ba ki da bakin magana a nan, haƙuri kawai ake yi da ke. Doka kuma baki ta ce, ba ta ce kai ba. Da kunnenmu muka ji.”

Abin da har gobe ba zan yafe ba, ba Ciyaman ba ne shi kaɗai. Shi dama an san shi. Sauran ne. Babu mutum ɗaya a gindin tankin nan da ya yarda cewa Direba ya amince, ko ɗaya. Amma sun gaji, rana ta yi zafi, ba mai son ɓatawa da Ciyaman, kuma ga shi an miƙo musu abin fakewa. Sai na ga kafaɗu suna saki. Wani ya ce, “To ai shi ke nan, tunda mai abin ya yarda.” Mai kemis ya ciro wayarsa yana dubawa. Ni kam na zazzage musu abin da ke cikina, na kira su da sunayen da suka dace da su, har wani ya ce a fitar da baƙuwar nan, ba 'yar unguwa ba ce. Aka ɗaga hannuwa, aka shafa addu'a, aka fara tattara kujeru.

Yaya ta zagayo gaban keken. Ta ciro gefen mayafinta ta goge wa mijinta yawun da ya zubo kan farar rigar, ta goge masa ido, ta saki birki. Muka gangaro da shi gida.

Ba a yi mako ba aka kawo bulo. Ƙungiyar da ƙwan fitila ke mutuwa a layin Yaya a yi watanni ba a canza ba, ita ce ta tashi da wannan zafin naman. Maginin da ya yi mata gangara shi aka ɗauko, ya zo har gida yana ba ta haƙuri, ya ce aiki ne aka ba shi. Ya cire ƙofar, ya farfasa gangarar da guduma don bulo ya zauna, ya ja katanga. Ba a yi mata fenti ba har yau, tana nan launin siminti a tsakiyar farin bango.

Yanzu in za a kai Direba gashi sai an haura unguwar gaba ɗaya, a tsallake tudun rage gudu da ke kowane layi, a fita ta babbar ƙofa, sannan a bi gefen babban titi inda babu hanyar ƙafa, manyan motoci suna wucewa iskarsu tana kaɗa keken, a zagayo bayan katangar da daga falonsu ake ganinta. Yaya ta yi ta yi. Mace mai ciwon gwiwa, tana tura namiji a hawa. Motar haya ta gwada, amma ɗaga shi a sa a mota a fitar aikin maza biyu ne, kuma ba kullum ake samunsu ba. Daga kullum aka koma bayan kwana biyu, daga nan sai ranar da na samu na zo muka haɗu. Tayar keken ta karye a kan wani tudu aka yi kwanaki ana neman irinta. Mai gashin ba ta yi faɗa ba, ta dai kama hannun ta juya shi. Yatsun sun koma sun dunƙule. Maganar sanda babu wanda ya sake tayar da ita.

Ƙarshen watan Sakatare ya yi sallama yana murza hannu. Ina nan. Ya ce, “Mai Labule, an ga wata.” Sannan ya ƙara, yana kallon ƙasa, cewa akwai ɗan ƙari a wannan karon, kuɗin bulo da siminti da aka raba wa kowane gida.

Na miƙe. Na ce, “Au, yau ba maigida kake nema ba? Ga shi can, shiga ka karɓa a hannunsa, mara kunya kawai!” Yaya ta ce, “Rediyo, zauna.” Ta ɗaga murfin aljihun keke ta ba shi, har da na bulon. Da ya fita na juyo kanta, raina kamar ya fita don baƙin ciki. Na ce yaya za ki biya kuɗin katangar da aka gina a kanki? Ta ce, “In ban biya ba su rufe mini ruwa. Da me zan yi masa wanka?” Ta koma ta zauna ta ci gaba da taka kekenta.

An yi wa babbar ƙofa tayil. Da fitilu masu canza launi. Allon dokoki ma an sake masa fenti don ya dace da sabon ado, sabon mai fentin ya kwafe tsohon rubutun harafi da harafi. Duk sanda na zo wucewa sai na yi tsaki, mai gadi har ya saba.

Amma ba katangar ce ta fi cin Yaya ba, kuma na daɗe ban lura ba, ni da bakina ba ya barin kunnena ya yi aiki. Wata rana na shigo ina zuba kamar kullum, na ce, “Direban Yaya, an buɗe tashar Rediyo,” na jira doguwar to ɗin nan tasa. Ya dube ni, idonsa ya yi ɗan murmushi, bakinsa a rufe gam. Na dubi Yaya. Ta girgiza mini kai, ta ja ni kicin.

“Tun ranar taron,” ta ce. “Ko sau ɗaya. Likita ya duba ya ce ba abin da ya ƙaru a ciwon. Shi ne ya daina. In ta taho masa ina ganinta, sai ya cije leɓe ya haɗiye.” Ta jingina da bango, hawaye na zubo mata. Yayata da ban ga hawayenta ba ko a ranar da aka kawo shi daga tasha a kwance. “Na roƙe shi. Na ce Direba, nan gida ne, ni ce, ba mai rubutawa. Ya ƙi. Ita kaɗai ta rage mana, Rediyo, ni kuma na ɗauke ta da hannuna na kai musu.”

Na ce ba laifinta ba ne, na fara lissafo masu laifin tun daga Ciyaman har mai fenti. Ba ta saurare ni ba. Ta wanke fuska, ta naɗe labulen da za ta kai wani gida a layin sama, ta ɗora a kafaɗa. A bakin ƙofar falo ta tsaya kamar yadda ta saba.

“Direba, zan fita, yanzu zan dawo.”

Yana zaune inda ta ajiye shi, kusa da taga, yana fuskantar bulon da ba a yi wa fenti ba. Ya juyo ya dube ta, ya gyaɗa kai a hankali. Ta ci gaba da tsayuwa, hannunta a kan marfin ƙofa, labule a kafaɗa. Ta daɗe a haka. Sai da na ce, “Yaya, je ki, ina nan,” sannan ta fita.